Saƙar hannu a Legas: zaɓen zare, haɗa shi in ya ƙare, da kammala hular jariri

Tun ranar da na kai wa wata ƙawata hula da safa a wajen sunan ɗiyarta a Agege, tambaya biyu ake ta yi min. Ta farko, "Wane zare ne wannan, a ina kika saya?" Ta biyu kuma, wadda masu ɗan hannu a saƙa ke yi bayan sun juya hular ciki da waje, "To ina ƙullin? In zare ya ƙare miki a tsakiyar aiki yaya kike yi?" Na amsa a Islamiyya, na amsa a waya, na amsa a gidan biki muna jiran abinci, har na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki. Saƙar tsinke biyu nake nufi, ba ta kwarashi ba, ba kuma ta inji ba. Da hular jariri za mu yi misali, domin ba ta cin zare kuma duk abin da za ki buƙata a babban aiki yana cikinta.

Kalmomi huɗu za su yi ta dawowa. Ido shi ne madaukin zare guda da ke kan tsinke. Layi shi ne ki saƙe duk idanun daga wannan baki zuwa wancan. Saƙar gaba ita ce wadda zare ke bayan aiki kina yi, saƙar baya kuma wadda zare ke gabanki.

1. Yanke wa za a saƙa wa, kafin ki hau danfo zuwa kasuwa

Legas ba Jos ba ce. Nan zafi ne da gumi kusan duk shekara, ɗan sanyin da muke samu na damina ne, wajen Yuni zuwa Agusta, hunturu kuwa sai dai ya leƙo ya wuce. Saboda haka tun a gida ki san inda kayan za su zauna. In jaririn nan Legas yake, siririn zare mai laushi za ki nema, auduga ko wanda aka gauraya da auduga. In kuwa saƙo ne za ki aika gida, Kano ko Zariya ko Funtuwa, don sanyin Disamba da Janairu, nan ne zare mai kauri da ɗumi ke da amfani.

Daga nan ki san yawan da za ki saya. A matsakaicin zare, hular jariri ba ta cinye giram 50. Hular babba ki tanadi giram 100. Rigar sanyin jariri sabon haihuwa giram 150 zuwa 200, gwargwadon tsawon hannu da ko za a yi mata hula a jiki.

2. San zaren da ke hannunki

Nan ne gindin maganar, domin yadda za ki haɗa zare, da yadda za ki wanke shi, duk sun rataya a kan wannan. A kasuwa kowane zaren saƙa sunansa ulu. Mai shago zai ce miki ulu ne, bai kuma yi ƙarya ba a yaren kasuwa. Amma mafi yawan abin da ake sayarwa a Balogun da Oshodi da kasuwannin unguwa akirilik ne, zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur. Ulu na gaskiya gashin tumaki ne, yana da tsada, ba kuma kowane shago ake samunsa ba.

In akwai takarda a jikin dunƙulen, karanta ta. In babu, yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ki riƙe shi da hantsaki ko cokali mai yatsu a saman kwanon ruwa, ki kyasta masa ashana. Akirilik narkewa yake, yana baƙin hayaƙi da warin roba, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma na ƙonanniyar takarda ne, tokarta fara-fara mai laushi. Ulu na gaskiya ƙaurin gashi yake, irin na babbakar kan rago da sallah, wutar kan mutu da kanta, abin da ya rage kuma in kin murza shi sai ya zama gari.

Hattara: kada ki riƙe guntun da yatsu. Narkakken akirilik yana manne wa fata. Kuma a tsakar gida za ki yi, nesa da sauran zaren.

Ban raina akirilik ba, da shi nake yawancin aikina. Yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa, launinsa ba ya saurin koɗewa. Aibinsa ba ya tsotse gumi, kuma mai arha sosai yana ƙaiƙayi. Gwajina a shago shi ne in goga dunƙulen a wuyana ko cikin damtsena. In ya ɗan soke ni, to jariri ba zai iya da shi ba. Ki kuma lura, zaren nan da ake kitso da shi, wanda shi ma ake kira ulu, ki bar shi a kan kitso. Ya yi kaushi ga fatar yaro.

3. A cikin shago

Abu uku za ki duba. Na farko kauri. Zaren da ya fi dacewa da mai koyo shi ne wanda aka rubuta DK a takardarsa, ana saƙa shi da tsinke mai milimita 4. Wanda ya fi shi siranta, mai alamar 4 ply, yana son tsinke mai milimita 3 ko 3.25, yana da kyau a kayan jarirai amma yana cin lokaci. Na biyu nauyi. Dunƙule biyu na iya zama girma ɗaya a ido, ɗaya an naɗe shi sako-sako ne kawai, don haka giram za ki kwatanta, ba girma ba.

Na uku lambar rini. Masana'anta na rina zare tukunya-tukunya, kowace tukunya da lambarta a jikin takarda, daban da lambar launi. Shuɗi biyu masu lambar launi ɗaya amma tukunya daban za su yi miki kama a cikin shago, sai kin fito rana ki ga ɗaya ya fi ɗaya duhu. Na taɓa saƙa rigar da hannunta na hagu ya fita daban saboda zare ya gaza min na koma na ƙaro bayan mako biyu. Sai da na warware hannun. Tun daga ranar nake sayen duk abin da nake buƙata a zuwa ɗaya, in ɗora dunƙule guda a kai. Kuɗin wannan dunƙulen bai kai kuɗin motar komawa Idumota daga Agege ba, balle cunkoson hanya.

Hattara: fito da zaren bakin ƙofa ki duba launi a hasken rana. Fitilar shago tana ruɗi, musamman tsakanin fari tas da ruwan madara.

4. Sauran kayan aiki

Tsinke biyu masu milimita 4, wasu biyu masu 3.25 don bakin hula, tef na awo irin na tela, ƙaramin almakashi, da babbar allura mai faɗin kafa da dakusasshen baki, kamar ƙaramar basilla. Ta roba ma ta isa. Waɗannan sau ɗaya ake saya, kuɗin da zai riƙa fita kullum na zare ne. Tsinken ƙarfe yana da santsi, ido na zamewa, ga hannu da gumi a garin nan. Mai koyo ta fara da na gora in ta samu.

5. Gwajin hannu

Kowa na son tsallake wannan mataki, nan kuma hula ke fitowa ko ta 'yar tsana ko ta maigida. Ɗora ido 28, wato ki jera madaukan farko, a tsinke mai milimita 4, ki saƙa layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsawon ya kai santimita 12. Shimfiɗa shi ba tare da kin ja ba, ki ɗora tef a tsakiya ki ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. A zaren DK ido 22 ake nema. In kin samu 24 ko fiye, hannunki na matsewa, ƙara girman tsinke. In 20 kika samu, hannunki sako-sako ne, rage. Daga baya ki warware gwajin, zaren bai ɓaci ba.

6. Ɗora ido da fara hula

Kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36 a kewaye. Hula ana yin ta ƙasa da haka kaɗan domin saƙa tana miƙewa, santimita 32 ya yi. Da ido 22 a santimita 10, ido 70 ke nan.

Bar jelar zare ta mita ɗaya da ɗan ƙari, ki ɗora ido 70 a tsinke mai 3.25. Layi na ɗaya: gaba biyu, baya biyu, har ƙarshe, za ki ƙare da gaba biyu. Layi na biyu: baya biyu, gaba biyu, ki ƙare da baya biyu. Maimaita su har santimita 3. Sai ki koma tsinke mai 4, layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har duka tsawon ya kai santimita 9.

Hattara: kada ki matse layin ɗorawa. Shi ne zai zauna a goshin yaro, in ya yi tsauri zai yi masa shaida. Kuma ki ƙirga idanunki duk bayan layi huɗu ko biyar, domin ido da ya zame tun yana kusa ake kamo shi.

7. Haɗa sabon zare

Ga amsar tambaya ta biyu. Abin da yawancinmu muka gada shi ne in zare ya ƙare a ɗaure tsohon da sabon, a datse, a ci gaba. Wannan ƙulli aiki uku yake ɓatawa: yana tasowa ta fuskar aiki bayan wanki, yana danna fatar jariri, kuma a akirilik mai santsi watarana kwancewa yake, rami ya buɗe a tsakiyar riga. Akwai hanyoyi biyar, ba kuma darajarsu ɗaya a wurina ba.

Ta farko, haɗi a bakin layi. Ita ce uwa, da ita nake aiki tara cikin goma, kuma kowane irin zare na karɓarta. Kafin ki fara layi, ki auna ragowar zaren da faɗin aikin. In bai kai ninki huɗu na faɗin ba, kada ki shiga layin, ba zai fitar da ke ba. Tsaya nan. Bar jelar tsohon santimita 15, ki ɗauko sabon ki bar masa jela santimita 15 shi ma, ki fara saƙa da shi kai tsaye. Idon farko zai yi lakwab, kada ya dame ki. Bayan ido huɗu ko biyar sai ki ja jelolin biyu a hankali, in kina so ki yi musu ɗaurin wucin gadi wanda za ki kwance a ƙarshe. Tunda hula da riga duk ɗinke gefensu ake yi, jelolin cikin ɗinki za su ɓace. Asarar ɗan zaren da ya rage ba asara ba ce, da shi za ki ɗinke.

Ta biyu, ninki. In zaren ya yi miki ƙaranci har ba za ki iya zubar da ragowa ba, ko kina saƙa a zagaye inda babu baki, sai ki haɗa a tsakiya. Idan saura santimita 20, ki jera sabon zare kusa da tsohon, jelarsa na kallon baya, ki saƙa ido huɗu da su biyun tare. Saki tsohon ta bayan aiki, ki ci gaba da sabon.

Hattara: a layin da ke biye waɗannan ido huɗu za su bayyana da zare bibbiyu. Kowanne ido ɗaya ne, ki ɗauke shi gaba ɗaya. In kika raba su, 70 ɗinki ya zama 74. Wannan hanya launi ɗaya kawai take yi wa, kuma ki yi ta a gefen da zai koma ƙeya, domin wurin yana ɗan kauri.

Ta uku, haɗin allura, wanda masu saƙa a waje ke kira haɗin Rasha. Ita na fi so a bargon jariri da gyale, inda gefe a buɗe yake babu ɗinkin da zai ɓoye jela. Zura bakin tsohon zaren a allura, ki juyo da allurar ki soka ta cikin jikin zaren kansa, tsakanin silinsa, ta yi tafiyar santimita 5 zuwa 7, ki fito da ita. Za ki ga an samu ɗan madauki a ƙarshe. Zura sabon zaren ta cikin madaukin nan, shi ma ki mayar da bakinsa cikin jikinsa haka. Ja jelolin har madaukan su rufe, ki shafe wurin da yatsu ya miƙe, ki datse abin da ya leƙo. Kamar zobba biyu na sarƙa suke riƙe juna, babu ƙulli babu jela. Tana son zare mai sili uku ko huɗu da aka murɗe. Audugar da silinta ke tarwatsewa ba ta cika riƙe ta ba.

Ta huɗu, murza da ruwa. Wannan ta ulu na gaskiya ce kaɗai. Ki warware silin bakunan biyu kamar santimita 6, ki tsinke rabin silin kowanne da hannu don kada wurin ya yi kauri, ki jera su a kan juna, ki jiƙa, ki murza tsakanin tafukanki da ƙarfi har ki ji ɗumi. Gashin tumaki yana da 'yan ƙananan ɓawo a jikinsa, danshi da zafi da gugar juna ke sa su sarƙe. Na ga mata suna ta murza akirilik suna cewa hannunsu ne bai iya ba. Ba hannu ba ne, roba ba ta da wannan ɓawon, ko kwana za ki yi. Auduga ma haka, da ulun da aka rubuta ana iya wanke shi a inji, domin an riga an kashe masa ɓawon.

Ta biyar, ƙullin masunta, don wadda ta ce ita dai sai ta ƙulla. Jera zaren biyu, bakin kowanne na kallon wani gefe. Ɗaura bakin tsohon a jikin sabon, ɗaura bakin sabon a jikin tsohon, ki ja dogayen ɓangarorin har ƙulle-ƙullen biyu su zo su haɗe. Ja da ƙarfi ki gwada, sannan ki datse. Yana da ƙarfi, amma ƙulli ne dai, ana jin sa. A jaka ko abin ɗora tukunya ba laifi. A kayan jariri ban yarda da shi ba.

Wani abin da ke ba da haushi: kina cikin saƙa sai ƙulli ya fito daga cikin dunƙulen, na masana'anta. Kada ki saƙe shi ki wuce. Yanke shi, ki koma bakin layi ki yi hanya ta farko. Ni kafin kowane layi nakan zaro zare kamar gaba biyu na awon hannu in bi shi da yatsa, don in gan shi tun bai iso tsinke ba.

8. In za ki sa ratsin launi

A bakin layi ake canza launi, kuma a farkon layin saƙar gaba, wato lokacin da fuskar aiki ke kallonki. In kika canza a inda bai dace ba, ɗigo-ɗigon tsohon launi zai fito a fuska. Ki yi kowane ratsi layi biyu ko huɗu, don zaren da kika ajiye ya kasance a gefen da za ki dawo. Irin wannan gajeren ratsi ba sai kin yanke ba, ɗago zaren ta gefe kawai, kada ki ja shi ya tattare bakin. Ratsin da ya wuce layi shida, yanke ki sake haɗawa.

9. Rage ido da rufe kai

A layin saƙar gaba: saƙa ido biyar, haɗe biyu ki saƙe su a matsayin ɗaya, maimaita har ƙarshe, saura 60. Layin da ke biye saƙar baya zalla. Sai huɗu da haɗe biyu, saura 50. Haka za ki yi ta sauka, uku, biyu, ɗaya, kina sa layin baya a tsakani, har saura 20. Layi ɗaya baya, sannan ki haɗe bibbiyu duka, saura 10. Yanke zaren ki bar santimita 40, zura shi a allura, ki bi ta cikin ido goman, ki zuge kamar bakin jaka, ki sake bi sau ɗaya. Da wannan jelar za ki ɗinke bayan hular daga sama zuwa ƙasa, kina ɗaukar ido ɗaya daga kowane gefe.

Sauran jelolin, kwance ɗaurin wucin gadi, ki bi da kowacce ta bayan aiki santimita 4 zuwa 5, ki juyo ki dawo rabin hanya. Juyowar nan ce ke hana ta zamewa. Ɗan miƙa saƙar kafin ki datse, ki bar ɗan tsinin da bai kai rabin santimita ba.

Hattara: kada ki liƙa duwatsun ado ko ƙananan maɓallai a hular jariri, kada kuma ki yi mata doguwar igiyar ɗaurewa a wuya.

10. Zaren gwanjo, ga mai haƙuri

Hanya mafi araha ta samun ulu na gaskiya a Legas ita ce rigunan sanyi na gwanjo, a Katangowa ko Yaba. Juya rigar ki duba ɗinkin gefe. In gefunan saƙar lafiyayyu ne an haɗa su da ɗinki mai kama da sarƙa, saya, za ta warware dogon zare. In kuwa an yanka ne aka bi bakin da injin cin baki, bar ta, kowane layi guntu zai ba ki. Kwance ɗinkin, ki fara warwara daga sama, wajen kafaɗa. Naɗe zaren a bayan kujera, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan sabulu na minti 30, ki rataye a inuwa har lanƙwasar ta saki. Wannan zare haɗi ne da shi birjik, nan hanya ta uku da ta huɗu za su yi miki rana.

11. Wanki da ajiya

Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, sabulu mara ƙarfi, matsawa a hankali ba cuɗawa ba. Ulu na gaskiya in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, abin da ya haɗa miki zare a mataki na 7 shi zai dunƙule rigar duka ta koma ta ɗan tsana. Naɗe kayan a tawul ki danne ruwan, ki shimfiɗa a inuwa inda iska ke wucewa ko ƙarƙashin fanka. Rataya jiƙaƙƙen saƙa a igiya na sa ya zazzago, auduga ta fi kowa wannan hali.

Hattara: dutsen guga kada ya taɓa akirilik. Ko bai narke ba, zai kwanta ya yi sheƙi, ba kuma zai sake tashi ba.

Da damina ki tabbatar kayan sun bushe ƙarau kafin ki sa a leda, in ba haka ba kwana uku sun isa su yi funfuna da warin danshi. Takardar jikin dunƙulen kuma kada ki yar, ki ɗaure ta da ɗan ragowar zaren ki ajiye a gwangwani. In hular za ta tafi Arewa, ki cusa zare kamar gaba biyu na awon hannu a cikinta, uwar ɗan ta samu abin gyara in wani wuri ya tsinke.